Bayan durowarmu yana bakin akurkin surukata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya ishe ni.

Ni mazaunin Kazaure ne, ina kula da sito a wani kantin kayan gini, kuma ni mutum ne da ba na son aikin ganin dama. Shekara biyu da aurenmu, maiɗakina 'yar Gwiwa ce. Cikin kayan ɗakinta akwai durowa mai hawa biyar, irin wadda ake sayarwa a kwali a haɗa a gida. Ranar jere gwaggonta ta ce ba kafintan da zai shiga ɗakin 'yarsu, su da kansu mata suka haɗa ta. Kun san miji ba ya leƙa wajen jere, ni ma ban leƙa ba.

Tun ranar farko durowar nan rawa take yi. Ka ja hawan sama, duk jikinta ya karkace hagu. Na farko na sa kwali a ƙarƙashin ƙafarta, bai yi ba. Na biyu na ɗaure duk sukuran da na gani, bai yi ba. Sai na janye ta daga bango, wallahi ba ta da baya, kana hango kaya ta ciki. Na nemo takardar haɗawar a ƙasan akwati, ga zane nan ƙarara, mataki na tara: a buga siririn falanki a baya da ƙananan ƙusoshi. Shi ne yake riƙe ta ta tsaya cak. Sun tsallake shi, sun ɗauka marfin kwali ne.

Satin da ya wuce na je Gwiwa gaida Inna, surukata. Ina durƙushe ina gaisuwa idona ya faɗa kan akurkinta. Ga falankin nan an tokare bakin akurkin da shi, har lambar da ke takardar tana jikinsa. Ashe masu jere sun koma da shi gida. Kashin kaji ya yi masa ɓawo, gefensa ya kumbura, ƙudaje sun yanyame shi. Aka kawo min fura na kasa sha. Inna kuwa har yaba shi take yi, wai tun da ta samu marfin nan muzuru bai ƙara ɗaukar mata ɗan tsako ba. Na ce Allah ya ƙara tsarewa, na tashi.

To ga inda matsalar take. 'Yarmu ta fara rarrafe, tana kama abu ta miƙe, kuma hannun durowar nan take kamawa. Shekaranjiya na ga durowar ta rinjayo kan yarinyar, da ban tare da kafaɗa ba da yanzu wani labarin ake yi. Na ce wa uwarta zan kawo kafinta ya yanko sabon falanki ya buga, ya kuma ɗaure ta da bango. Sai kuka. Wai Gwaggo har yau tana alfahari a dangi cewa hannun namiji bai taɓa jerensu ba, kuma duk zuwanta sai ta duba kayan ɗaya bayan ɗaya. In ta ga sabon katako za a ce na ce iyayenta sun kawo kaya rabi. Maiɗakina ta ce, “Malam, ka bari zan riƙa goya ta.” Na ce goyo har yaushe, har ta shiga firamare? Kwana biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na rasa abin da ya fi ba ni ƙyama, falankin ko wannan kunyar da ake so in fifita a kan kan yarinya. Yanzu na kwashe kayan hawa uku na sama, na tare gaban durowar da buhun gero.

Ku faɗa min: in kira kafinta gobe, Gwaggo ta faɗi abin da za ta faɗa? Ko in tura yayana Gwiwa ya yi wa Inna bayani tukuna? In na biyun ne, da wane baki ake gaya wa suruka cewa ƙofar kajinta bayan durowar 'yarta ce?