Kudakun Inna

Assalamu alaikum, Yaya Bello.

Ya jiki, ya aiki, ya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Ya mai ɗakinka da yara? Mu nan Dandin Mahe lafiya lau, ana ta cirar albasa.

Yaya, tatsuniyoyin marigayiya Inna da nake karanta wa 'yan ajina sun kama hanya. Na kai babi uku Bodinga aka buga mini a kwamfuta, na haɗa da wasiƙar da ta nuna ajin da suka dace da shi a manhaja, na aika wa wani kamfanin littattafan makaranta. Makon jiya editansu ya kira. Suna so! Sai dai a mayar da komai Hausar makaranta, habɗi ya koma toka, kudaku ya koma dankali.

Na yarda da duka ban da kudaku. Na ce, "Ranka ya daɗe, wadda ta ba ni labarin nan ba ta taɓa gasa dankali ba." Ya yi dariya, ya ce zai shawarta.

Tun ranar nake ta hango wata yarinya can Zariya ta ɗaga hannu, "Malama, mene ne kudaku?" Sai in ga kamar Inna ta leƙo ajin, zanenta na ƙamshin hayaƙi.

Ka gaishe da mutanen gida, ka taya ni addu'a su bar kalmar. Inna ba ta taɓa shiga aji ba. Ko kudakunta dai ya samu ya shiga.

Ƙanwarka,
Balkisu