Awa Biyu Daga Joni

Litinin, 3 ga Maris

Mama ta ƙi kunu yau ma. Da jirgin rana ya wuce ta saman rufinmu zai sauka filin jirgin Chileka, sai ta buɗe ido. "Asiyatu, na Joni ne?" Na ce shi ne. "Awa nawa ma kika ce?" Biyu da 'yan mintuna, Mama. Ni na jawo wa kaina, ni na fara duba mata a waya. Yanzu kullum sai ta sa na maimaita.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kira Yaya Jafali a Joni, wato Johannesburg, kekunan ɗinkin shagonsu na ta ƙara. Na ce jikin Mama ya yi tsanani, ya taho.

"Ke yarinya ce? Takarduna sun mutu tun yaushe! Ina miƙa fasfo a filin jirgi za su buga min hatimi, ni da komawa sai bayan shekaru. Matata da yaran fa, ke za ki riƙe su?"

Na ce to ya biyo mota ta bayan fage kamar sauran 'yan Malawi da ke can. Wai wannan kwana uku ce, in an yi sa'a.

Na ce masa marar zuciya. Ban yi nadama ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Jirgi ya sauka. Babu namu a ciki.

Talata, 11 ga Maris

Kawu Bwanali, yayan Mama, ya iso da busasshen kifin da ba mai ci. Ya leƙa ta, ya fito ya ja ni gefe. "In ta cika da safe, la'asar a makwancinta za ta same ta. Ba zan ajiye ƙanwata tana jiran ɗan Joni ba."

Na ce Kawu, awa biyu ce fa kawai.

"Shekara tara yana cikin awa biyun nan, har yau bai sauka ba?"

Haushinsa nake ji, haushin Yaya, har da na jirgin.

Laraba, 12 ga Maris

Mama ta cika bayan asuba, fuskarta na wajen taga.

Da na kira Yaya, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Ga ni nan, na yau zan hau, su buga abin da za su buga! Ki riƙe min Kawu, don Allah ƙanwata." Ina jiyo autarsa tana kiran Baba, Baba, wai ya ɗaura mata takalmin makaranta.

Da zai iso. Na sani sarai da zai iso.

Na ce masa na duba, yau babu jirgi.

Maza na fita da makara jirgin ya wuce ta samanmu, ƙasa-ƙasa, har kwanon rufi na rawa.

Asabar, 15 ga Maris

Yaya ya kira, yana godiya wai na tsaya wa Mama. Na ce ya gaida yaran. Bai tambayi zancen jirgin ba, ban faɗa ba. Anya zai sake taka Malawi kuwa? Wa zai zo gani yanzu?

Ina shanya zannuwan Mama jirgi ya wuce. Patuma maƙwabciya ta leƙo ta katanga. "Na Joni ne wannan, ko?"

Na ce ban sani ba. Sai da na shiga ɗaki na tuna ko kai ban ɗaga ba.