Ba Irin Rijiyarmu Ba Ce

Jamus, Maris 1997

Yaya Yari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe min da Zahra'u da yara.

Na ji rijiyar lambunmu na Jiga Birni ta ƙafe, albasa ta ƙone, Baba kuma yana gaya wa mutane in na dawo zan gyara, tunda karatun rijiya nake yi. Yaya, suna ne kawai. Abin da muke kira rijiya a nan wani ɗan shimfiɗi ne cikin ƙanƙanin dutsen da ake ƙera na'urorin lantarki da shi, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Muna auna yadda ƙwayoyin lantarki da zafi ke ratsa shi, gwargwadon ɓangaren da ƙwayoyin ke juyawa. Babu ruwa cikinsa.

Ni lafiya lau, sai ɗan tari da rashin barci. Watan jiya dutsen da na daɗe ina aunawa ya tsage wajen sanyaya shi. Malamina ya ce sai an sake daga farko, don haka ba ni zuwa bana.

Ka nemo mahaƙa daga Jega, kada a jira ni. Ka lallaɓa ka gaya wa Baba. Na ɗauki biro sau da yawa, na kasa rubuta masa.

Allah ya musanya mana da alheri.

Ƙanenka,
Kalilu