Shinkafar da Ke Bin Ruwa

Talata Mafara,
12 ga Mayu.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, da Inna da kowa a gida. Yaya ƙafar taku? Tun da kunnen ya ƙi waya dole na koma takarda, sai ku ɗauko tabarau.

Baba, neman gafara na zo yi. Kun tuna shinkafar nan bi-ruwa da kuke ba mu labari, wadda kuka ce a fadamar Bakura in ruwa ya ƙaru ita ma sai ta ƙaru, har a yanke ta a cikin jirgi? Mun sha dariya a bayanku, muna cewa Baba ya fara. To wallahi na riƙe ta a hannuna.

Ga yadda aka yi. Ƙungiyar waje da nake wa aiki ta ce bincike uku kacal za ta ɗauki nauyi a kan halittun da ke neman ɓacewa a yankin Bakolori, kuma mutanen gari ne za su zaɓa. Muka jera ƙore takwas a garin Faru, kowace da hotonta: kifi, itatuwa, ciyawar kiwo, har da tsuntsayena masu zuwa daga ƙasashen sanyi, waɗanda na yi shekara huɗu ina bi. Muka ce kowa ya zo da ƙwayar hatsi biyar daga gida ya jefa inda ransa ya fi so.

Wajen ƙirga, Malam Ɗayyabu, masanin iri na tawagarmu, ya tsinci wasu ƙwayoyi masu tsini kamar allura. Ya ɓare ɗaya, ja wur. Ya ce wannan ai shinkafar bi-ruwa ce. A takardunsa an rubuta cewa ta ƙare a nan tun da ambaliya ta daina zuwa fadama.

Wata tsohuwa ce ta jefa su, Gwaggo Ummulkhairi. Ta kai mu ɗakinta ta zare tsumma daga bakin wani ƙaramin tulu. Shekara arba'in da wani abu tana shuka ta a bakin wani tafki bayan gari, ita kaɗai, ruwa har ƙugu, don uwarta ta bar mata. Bana gwiwa ta hana ta, jikokinta kuma sun ce ba ta da auki. Malam Ɗayyabu ya ce in ta ƙara shekara a tulu, da wuya ta tsira.

Sai dai babu ƙwaryar shinkafa a cikin takwas ɗin nan, don ba mu san da ita ba. Kifi ya zo na ɗaya, ciyawa na biyu, tsuntsayena na uku. Shugabarmu ta ce ba a ƙara na huɗu, sai in mai gurbi ya janye kuma gari ya yarda. Ranar Juma'a za a tura jerin. In na janye, aikina ya ƙare a ƙarshen shekara. Ina jin tsoro, Baba, ba zan ɓoye muku ba.

Ku sa ni a addu'a. A gaida Inna.

Ɗiyarku,
Hamdiyya

Faru,
3 ga Satumba.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata damina ta same ku lafiya. Yaya Inna da ciwon kanta?

Amsarku ta iso, layi ɗaya tal: "Tsuntsaye suna da fiffike, ita a tulu take." Na ji haushinku kwana biyu, ko da yake kafin ta iso na riga na janye. Mutanen Faru sun sake taruwa suka yarda. Na yi kuka ranar, na kuma yi da na ga sunan bi-ruwa a jerin da aka tura.

Mun shuka rabin tulun da ruwan farko, rabi kuma aka kai ma'ajiyar iri. Gwaggo tana zaune a kan turmi tana mana faɗa, wai hannun ƴan boko bai san laka ba. Sai wata huɗu ya rage mini a aiki, ban san abin da zai biyo baya ba.

Makon jiya aka yi ruwa kwana uku, tafkin ya cika ya shanye sandar da na kafa don awo. Na ce shi ke nan, na kashe aikina a banza. Da safe na ruga. Baba, ganyenta na bisa ruwa, kore shar! Na shiga har ƙirji na bi karanta da hannu, ban kai gindin ba. A kwana ɗaya ta ƙaru fiye da tsawon tafin hannuna. Na tsaya a cikin ruwan ina ta tasbihi, ikon Allah ya fi ƙarfin bakina.

Gwaggo ta ce in ta nuna ba a yankanta da ƙafa, kuma duk Faru babu wanda ya taɓa yankanta mai yawa haka a jirgi. Na ce mata na san mutum ɗaya a Bakura.

An samo jirgin. Ku zo da laujenku, a zaune za ku yi. Wannan karon ba wanda zai yi dariya.

Ɗiyarku mai neman albarka,
Hamdiyya