Katafila Ce Ta Mutu

Lafia,
Agusta, 2002.

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Dijatu da yara. Yaya ciwon gwiwar?

Inna, ni ne Kalilu, da hannuna nake rubutu, ban mutu ba. Jiya Sabi'u direban tifa ya dawo daga Gumel, ya tarar da ni ina cin doya a bakin aiki, ya ja da baya yana salati. A bakinsa na ji har an yi zaman makokina.

Muna yankan hanya ne wajen Shabu, ƙasa ta sha ruwa, ta zabtare da katafilar da nake tuƙawa, muka gangara kwari, ta ƙi tashi. An tafi da ni kemis ke nan Sabi'u ya biyo, ya tambayi abokin aikina Tersoo, ɗan ƙabilar Tibi, ina nake da katafilata. Tersoo ya nuna kwarin ya ce, "Ya faɗa, ya mutu." Katafilar yake nufi. Hausarsa ba ruwanta da "ta", matarsa ma "ya" yake ce mata. Shi kuwa Sabi'u sarkin gaggawa, ko leƙawa bai yi ba, ya kwashi labari ya kai muku Gumel.

Haƙarƙarina ya ɗan bugu, tari yana ba ni wuya, amma na koma aiki. Wannan kar ki gaya wa Dijatu, ki dai ce ta fita takaba.

Tersoo yana ba ki haƙuri. Ya ce Allah ya ja kwanansa. Naki yake nufi.

Ɗanki,
Kalilu.