Lambobin Matan Mutane a Hannun Sabi'u

Assalamu alaikum Yaya Hassi,

Ina gajiya? Yaya maigida da yara, yaya ƙafar taki? Mu nan Aliero lafiya lau, sai dai kunya.

Kin san shekarun da Kawu ya kwashe a majalisar jiha yana fafutukar dokar da za ta hana 'yan kasuwa yaɗa bayanan masu saye. To, ƙanenmu Sabi'u ya tattara lambobin masu sayen katin waya a shagonsa, har da matan aure, ya zuba su a gurup, wai na masoyan Onarabul. Samari suka dinga kiransu.

Ranar kasuwar Jega, Kawu yana tsaye yana bayanin dokar, wani mai albasa ya miƙe ya ce, "Onarabul, wa ya ba ɗan ƙanwarka izinin raba lambar matata?"

Yaya, dattijon nan ya sunkuyar da kai ya ba shi haƙuri gaban jama'a. Sabi'u kuwa har yau cewa yake taimako ya yi! Ni ko bikin sunan da aka yi a Maiyama na kasa zuwa don kunya.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Ki kuma kira Sabi'u, ke yake tsoro. In ya tambayi inda kika ji, ki ce masa shi ma ya ɗanɗana yadda ake ji in an yaɗa bayanin mutum ba izininsa.

Ƙanwarki,
Luba