Ashe Ba Laifin Hajara Ba Ne

Wayyo Yaya Hajo, ina ma kina kusa!

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jikin Malam, ya yara da zaman Ikko? Mu nan Illela sai godiya, amma zuciyata ba daɗi.

Ɗanki Bello ya rame har wando ba ya zama mai. Na ɗora ma matatai Hajara laifi, nac ce ba ta ba shi abinci. Tana kuka tana rantsuwa malmala huɗu yaka tashi da ita, nac ce ƙarya ta kai. Gaban maƙwabta na faɗi haka, Yaya. Tat tafi gidansu, can garin Lafani.

Na karɓi girkin da kaina. Shina ci kamar gara, shina ƙara ramewa.

Jiya munka je asibiti. Likita ya auna nauyinai da tsawonai, ya tambayi shekarunai, ya lissafa abincin da jiki ka ƙonewa ko mutum na kwance, don numfashi da bugun zuciya kawai. Yac ce na tsoho kan ragu, na mai tsoka kan ƙaru, amma abin da Bello ka ci ya wuce lissafin nesa, bai kamata ya rame ba. Anka ɗebi jini, ashe wani abu na ga maƙogwaron Bello da ka sa jikinai ƙone abinci fiye da ƙa'ida. Akwai magani, alhamdulillahi.

Amma da wane ido zan dubi yarinyar ga? Na aika biko da safe, har yanzu shiru. Ki sa mu addu'a, ki gaishe min da Malam da

Tsaya, ana buga ƙofa. Allah Ka sa ita ce.